Dara a Cikin Kalkuleta

Mutum na farko da ya yi mana murmushi a Bulgeriya shi ne ya fara cutar mu. Direban tasi ne, ya karɓi jakunkunanmu da hannu biyu, ya karanta takardar da aka rubuta mana sunan makaranta, ya buga ƙirji. Muka shiga muna ta godiya. Tafiya ta yi tafiya, ni ina kallon benaye baki buɗe, sai Buhari ya taɓa ni ya nuna mini wani gunki na mutum riƙe da littafi.

"Ɗan Malam," ya ce, "wanga mutumen na dutse, sau ukku ke nan muna gaisawa da shi."

Da direban ya sauke mu, abin da ya karɓa a hannunmu ban son tunawa. Buhari dariya ya yi ta yi har da riƙe ciki, wai ko ba komai mun ga gari.

Ni da Buhari ƙananan ma'aikata ne a madatsar ruwa ta Goronyo. Ni mutumin Wurno ne, aikina auna ruwa a hanyoyin da ke kai shi gonaki. Shi mutumin Rabah ne, shi ke buɗe ƙofofin ruwa ya rufe, kuma ya girme ni da shekara shida, don haka Yaya nake ce masa. Shi kuwa Ɗan Malam yake ce mini saboda mahaifina, in ya so tsokana ya ce ɗan tafarnuwa, don garinmu ya yi suna wajen nomanta. Mu biyu aka zaɓa aka tura mu kwas na shekara biyu a kan aikin ban-ruwa. Ya baro mata da jaririya ko wata uku ba ta yi ba. Ni ban baro kowa ba sai Malam mahaifina da Inna da akuyoyinta.

A satin farko muka kusa yin abin kunya a ɗakin cin abinci. Muka nuna wa matar da ke zubawa wata miya mai ƙamshi, muka tambaye ta da 'yan kalmomin da muka haddace ko akwai alade a ciki. Ta girgiza kai. Muka ce alhamdulillahi, muka zauna. Cokali na hanyar bakina wani ɗalibi Basudane ya riƙe mini hannu. Ashe mutanen ƙasar in sun girgiza kai, i suke nufi, in sun gyaɗa kuma a'a. Wai jama'a! Bawan Allahn nan ya ɗauke kwanukan, ya kawo mana burodi da nono, ya zauna tare da mu har muka gama. Ban ƙara haɗuwa da shi sosai ba, amma har yau ina sa shi a addu'a. Tun daga ranar Buhari bai sake yarda da wata miya ba, burodi da nono da dafaffen ƙwai suka zama abincinsa.

Sai maganar kalkuleta ta taso. Malamin lissafin ruwa ya ce dole kowa ya nemi irin babbar nan mai faɗin fuska, wadda ke zana maka layi ka ga yadda ruwa ke hawa da sauka. Sabuwa ta fi ƙarfinmu, sai muka tafi kasuwar tsofaffin kaya muka sayi ɗaya ta haɗin gwiwa. Mai sayarwa ya sa hannu a zuciya, ya nuna mana littafin bayani a cikin kwali, mai kauri, da rubutunsu da ba mu iya karantawa. Mun dawo ɗaki muna buɗe shafuka sai ga hoton riga, sai ga hoton wando. Littafin dutsen guga ne. Kalkuletar dai tana aiki, sai dai rubutunta dishi-dishi, kuma mai ita na da ya bar wani wasa a ciki, na maciji mai bin ɗigo yana haɗiyewa yana ƙara tsawo.

Da sanyi ya shigo na gaske, dusar ƙanƙara ta rufe gari, rana ta riƙa faɗuwa tun la'asar ba ta yi sakaliya ba. Ni abin ya dame ni, amma shi Buhari kayar da shi abin ya yi. Mutumin da ba ya minti biyar bai tsokani wani ba, sai ya wuni jingine da bututun ɗumama ɗaki, ya zura wa bango ido. Wasiƙa ta zo daga Rabah cewa yarinya ta fara zama, ya karanta ya ninke, ya sake buɗewa.

"Ɗan Malam, ni garinga ya ishe ni," ya ce. "Ɗiyata na girma ba ta san ni ba. Gida za ni."

Tikitinmu na komawa yana hannunmu, rana kawai mutum zai je a sa masa. Amma duk wanda ya gudo daga kwas, aikinsa ya tafi, wannan an gaya mana tun a ofis. Kuma in faɗi gaskiya, tsoro nake ji a bar ni ni kaɗai a wannan ƙasa, ba wanda zan ce wa ina kwana ya amsa mini da harshena.

Na yi ta tunanin abin da zai dawo da shi hayyacinsa, sai na tuna dara. A Goronyo, gindin dogonyaron da ke bayan ofis, ba a taɓa cin Buhari ba. Direbobi, masu gadi, manoman Shinaka da ke zuwa neman a sakar musu ruwa, duk ya bi ta kansu. Na je inda ake wani gini na roƙi yashin da za mu haƙa gurabun dara, na cika faranti, na rufe da riga. A bakin ƙofar gidan kwananmu akwai wata tsohuwa mai gadi, Rada, da muke ce wa Inna Rada a bayan idonta. Kullum tana zaune tana saƙa, ba ta dariya. Ta ɗaga rigar, ta ga yashi, ta nuna mini waje da tsinken saƙarta. Haka na juya na zubar.

Ranar ina jin haushi ina danne-dannen wasan macijin nan, hannuna ya faɗa kan wani maɓalli, sai ga rubutun da ke bayan wasan ya bayyana, layi bayan layi. Ashe umarni ne mutum ke rubuta wa na'urar tana bi. Na canza lamba ɗaya, maciji ya ƙara gudu. Na canza wata, ya koma gefe. Kai, daɗin da na ji! Sati uku ina kwaikwayon rubutun mutumin da ban sani ba, ina ɓatawa ina gyarawa, har na fitar da gurbi talatin, shida-shida layi biyar. 'Ya'yana na yi su dunƙule kamar duwatsu, na Buhari na yi su sirara a tsaye, don shi da kara yake wasa tun a gida. Umarnin da maciji ke sa ɗigo da shi, da shi na zana su duka.

Na miƙa wa Buhari. Ya duba, ya matso da ita kusa da ido.

"Mi nika gani haka? Dara ta?"

"Ita ta, Yaya."

"Cikin abin lissahi? Kai ɗan tafarnuwa, Allah shi shirye ka!"

Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun ranar tasi. A zaman nan ya ci ni sau huɗu, ya tashi ya dafa mana shayi yana waƙa. Daga nan dara ta bi mu ko'ina. A aji muna zaune a baya, kalkuleta na yawo a ƙarƙashin tebur daga hannuna zuwa nasa, malami na ganin ɗalibai biyu masu ƙwazo da ba sa ajiye lissafi. Maganar gida ta yi sauƙi, har ƙwai ya koma ci uku-uku.

Ƙorafinsa ɗaya ne, karansa ba sa fita sosai. Ajin da sanyi, fuskar kalkuleta ta ƙara yin fari, nawa dunƙulallu ana ganin su, nasa sirara sai ya ƙanƙance ido. A nan ne na yi dabarar gidanmu. Mahaifina marubuci ne, da hannu yake rubuta Alƙur'ani, kuma tun ina ƙarami aikin da yake ba ni ke nan: in ɗauki alƙalami in bi duk harafin da tawadarsa ta kwana biyu ta koɗe, in sake bin sa har ya yi baƙi. A kaina, duk rubutun da ya daɗe koɗewa yake, maganinsa a bi shi karo na biyu. Sai na ƙara layi uku a cikin umarnin: duk karan da ya yi motsi bakwai yana zaune a gurbinsa, a sake zana shi a inda yake. Duwatsuna ban taɓa su ba, tunda ba su da matsala. Ban gaya masa ba, so nake ya ga abin ya gyaru ya yaba mini.

Ga wanda bai san dara ba, in ka jera uku ka ci ɗa ɗaya na abokin wasanka. Gwani kuwa doki yake kafawa, wato ya zaunar da 'ya'yansa ta yadda guda ɗaya kawai zai riƙa kai da komowa, duk motsi ya jera uku, duk motsi ya ci. Sauran na zaune daram ba sa gusawa. Buhari da doki yake kashe mutane.

Ranar Asabar ya kafa dokinsa, ya miƙo mini yana murmushi. Na yi wasana na mayar masa. Sai ya tsaya.

"Ina karana na nan?"

Na leƙa. Gurbin fayau, ba komai. Na rantse ban taɓa ba, ya ce to, na'ura ce, muka sake zubawa. Lahadi haka, ya kafa doki, kalkuleta ta zo hannuna, ta koma da kara biyu babu. Ya dai dube ni. Litinin a ɗakin cin abinci abin ya sake faruwa, daidai lokacin da ya rage masa ci biyu ya gama da ni. Duwatsuna kuwa ko ɗaya bai taɓa ɓata ba, kullum nasa, kullum a hannuna.

Ya ajiye kalkuletar a hankali a kan tebur.

"Direba ya cuce ni, nic ce baƙo ni. Mai kasuwa ya cuce ni, nic ce bai san ni ba. Kai hwa? Kai da munka sha hura kwano guda?"

"Yaya, wallahi tallahi..."

"Bari rantsuwa, ɗan malamai kake. In ci kaka so, ka ce min in ba ka. A kan dara, Nasiru?"

Tun da muka san juna bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Ya tashi ya fita, da ya dawo da yamma an sa masa rana a tikiti: Alhamis da safe zai hau jirgin ƙasa zuwa babban birni, daga can sai gida. Ya daina yi mini magana. Abin da ya fi ci mini rai, shi ke ja mana salla tun zuwanmu, sai ga shi yana shimfiɗa dardumarsa shi kaɗai ba ya jira na. Tafiyarsa ta dame ni, amma ya tafi Rabah yana ɗauka ni macuci ne, wannan ya fi ƙarfina.

Talata na wuni ina wasa ni da kaina, ko kara ɗaya bai ɓata ba. To ina zai ɓata, ni da ban iya kafa doki ba, kowane ɗa sai na motsa shi? A lokacin ban gane haka ba. Layukan nan uku kuwa ko zarginsu ban yi ba, ai gyara ne. Na kai wa malamin lissafi, ya ga wasa ne, ya ɗaga gira ya ce yanzu ya gane dalilin ƙwazonmu. Na fito da kunya biyu.

Laraba bayan azahar na kasa zama ɗaki ina kallon Buhari na ɗaure kaya, sai na sauko bakin ƙofa na zauna a benci kusa da Inna Rada, ina bin rubutun ina share hanci. Ban san ta lura da ni ba sai da na ga hannu ya miƙo. Ta karɓi kalkuletar, ta sa tabarau, ta fara gangarawa cikin layukan da sauri irin na wanda ya saba. Na saki baki. Da guntun Turancinta da guntun yarensu da na tsinta, ta fahimtar da ni cewa shekara ashirin ta yi tana rubuta wa na'urori umarni a wata masana'anta, kafin a rufe ta a sallami kowa.

Na nuna mata da hannu: kara, kara, babu. Ta ci gaba da dubawa, can ta tsaya, ta sa farce a kan layukana uku. Me ya sa, in ji ta. Na ɗauki biro na rubuta harafi a tafin hannuna, na sake bin sa, na nuna mata yadda ya yi baƙi. Na ce babana, na ce littafi. Ta dube ni, ta dubi hannun, sai kafaɗunta suka fara rawa. Inna Rada na dariya! Har da hawaye, tana dafa tebur.

Ta tashi ta ja ni wurin makunnin fitilar zauren. Ta danna, wuta ta kawo. Ta ɗaga yatsu biyu, ta sake dannawa, wuta ta ɗauke. Sannan ta nuna kalkuleta. Umarnin da na aro daga maciji ba sa ɗigo yake yi ba, juya shi yake yi: in wurin fari ne ya koma baƙi, in baƙi ne ya koma fari. Zane na farko ya fito da kara, na biyu ya shafe shi. Karan na nan a lissafin na'urar, ido ne kawai ba ya ganin sa. Ni da hannuna, don in kyautata wa Buhari, na rubuta abin da ke share masa doki.

Na tashi zan goge layukan, ta buge mini hannu. Ta sa na ajiye tsohon wasan yadda yake, muka yi sabo a gefe, ta nuna sama wajen ɗakinmu, ta nuna idonta. Tsohuwar nan duk ta san abin da ke tsakaninmu. A sabon muka cire layukan, muka ƙara wa kara kauri ya zama ɗigo biyu. Ta nuna mini maɓallan da ke ƙara wa fuskar duhu, waɗanda da littafinmu ba na guga ba ne da tuni mun sani. Ta ce sanyi ke sa irin wannan gilashi kasala, in riƙa sa ta a aljihun ciki. Da zan tafi ta ciro batura biyu daga rediyonta ta haɗa da wasu biyu daga aljihun tebur ta ba ni. Na durƙusa har ƙasa na gode mata, ta kore ni da tsinken saƙa.

Da na hau sama Buhari ya ƙi ko kallon kalkuletar. Ya ce ya gama da wannan magana, ya juya mini baya. Alhamis da safe ya ɗauki jakarsa, ya ce in yafe masa in ya yi mini wani laifi, ya fita. Na sa takalmi na bi shi a baya har tasha. Ya zauna a benci, na zauna a ɗaya gefen. Saura kusan rabin awa.

"Yaya, abu guda nika roƙo. Riƙe ta da hannunka. Ba ni taɓa ta. Ka yi wasanka ka yi nawa, ka kahwa doki."

Ya yi tsaki, amma ya karɓa, ina jin don in ƙyale shi ne. Na buɗe masa tsohon wasan na koma na harɗe hannuwa. Ya zuba, ya kafa doki, yana kai da komowa. A motsi na bakwai kara ya ɓace a tsakiyar tafin hannunsa. Ya zabura har jakarsa ta faɗi.

Na gaya masa komai, da tawadar Malam, da makunnin fitila, da dariyar Inna Rada. Ya daɗe yana kallon gurbin.

"Wato don in gani da kyau kash share min su."

"I, Yaya."

"Kai dai Wurno ba ta yi sa'ar ɗa ba." Ya goge fuska da hularsa. "Na zarge ka a kan banza, Ɗan Malam. Ka yahe min. Amma tahiya ba hwashi, raina ya riga ya isa gida. Buɗe sabon mu yi na bankwana."

Na fito da sabon, karansa baƙi ƙirin, ya ce oho, yanzu ne suka yi kama da kara. Muka fara. Ko hankalinsa ne ya rabu, ko watannin da na yi ina shan kashi ne suka koya mini wani abu, ban sani ba. Sai ga ni na jera uku, kuma ga karan da ke riƙe da dokinsa a fili, in na cire shi wasan ya zama nawa. Na dubi mutumin nan da jakarsa da jajayen idanunsa, tausayi ya kama ni. Na ce a raina bari ya tafi da daɗin ci. Na kai alama kan wani kara na gefe da ba ya tsare komai.

Kafin in danna ya cafke mini wuyan hannu.

"Mi kaka yi?"

"Ci nika yi."

"Wanga za ka ci? Ka ga wancan ko ba ka gane shi ba?"

Na kau da ido daga karan dokin.

"To wancan na da, laihin na'ura na. Wanga kau naka na, ga maguɗi ƙiri-ƙiri. Ni za ka ba sadaka? Ni Buhari? Ci wanda ya kamata, ko in ɓata maka rai gaban Turawa."

Na cire karan dokin. Daga nan ban sassauta ba, shi ma bai sassauta ba, muna ta miƙa wa juna har jirgi ya shigo tasha da ƙararsa. Mutane suka fara hawa. Motsi biyar bayan haka ya rage da kara biyu, ba abin da zai jera. Na ci Buhari, karo na farko a rayuwata, kuma ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

"Yaya, jirgi."

"Na gane shi, ba makaho ni ba."

Ya dubi jirgin, ya dubi fuskar kalkuleta. Mai usur ya busa.

"In isa Rabah a ce mi kab baro can, in ce ɗan tafarnuwa ya ci ni dara?" Ya tura jakarsa ƙarƙashin benci da ƙafa, ya gyara zama. "Sake zubawa."

Na share gurabun. Jirgi ya ja ya fita, shi ko ɗaga kai bai yi ba, yana neman inda zai dasa karansa na farko.